Ra'ayinmu: A bar uwa ta riƙe ɗanta a ɗakin allura

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke haɗuwa da tamowa, ɗakin yara na asibitin gundumar Madarumfa kan cika maƙil. Ma'aikatan jinya na gwamnati da na ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF, wadda ta daɗe tana aiki a yankin, suna ceto rayuka ba dare ba rana. A irin wannan cunkoso, wanda ya kawo zancen zafin allura za a ce ba shi da aikin yi.

To amma zancen yana da muhimmanci. Jariri kan karɓi rigakafi a mako na 6, na 10 da na 14, wani zuwan ma allura fiye da ɗaya a zama guda. Uwar da ta taso daga ƙauye ta ga an fizge ɗanta an danne shi yana ihu, tana iya cewa ba za ta koma ba. Rigakafin da aka bari a rabi kuwa bai gama kare yaro ba.

Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan rage wannan zafi, kuma kusan babu wadda ke cin ko dala. Uwa ta kasance a wurin, ta rungume jaririn a jikinta maimakon a shimfiɗe shi a kan tebur. Ta ba shi nono kafin a soka allurar ko yayin sokawa. Ma'aikaci ya daina jan sirinji baya don duba jini idan rigakafi ne, domin hakan na tsawaita zaman allurar cikin tsoka. In allurai biyu ne, a bar mai zafin zuwa ƙarshe. Yaron da ya fara wayo a ɗauke masa hankali da magana ko wasa, kada a yi masa ƙaryar cewa babu zafi.

Wurin sokawa ma abin dubawa ne. Ga jariri, gefen cinya ta waje ya fi aminci. Allurar ɗuwawu, in hannu bai ƙware ba, tana iya taɓa babbar jijiyar da ta sauka zuwa ƙafa, yaro ya tashi da ɗingishi har girmansa. Wannan haɗari ya fi yawa a wurin masu yin allura a gida da shagunan magani, waɗanda iyaye ke rugawa gare su saboda imanin cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi. 'Yan uwa da ke ci-rani, in kun aiko kuɗin magani, ku tambayi wanda zai yi allurar da kuma inda za a yi ta.

Mu ma a gida muna da laifi. "In ba ka yi shiru ba zan kira likita ya yi maka allura" razana ce da muke dasawa tun yaro bai san likita ba, sannan mu yi mamakin yadda yake birgima a bakin ƙofa.

Muna kira ga babban likitan gundumar Madarumfa da ya sa waɗannan matakai cikin horon da ake ba ma'aikatan cibiyoyin lafiya, daga Ɗan Isa zuwa ƙananan ɗakunan shan magani na karkara, kafin daminar baɗi. A ajiye kujera ɗaya a kowane ɗakin allura domin uwa ta zauna ta shayar, kuma a daina ce mata ta jira a waje.