Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Matasa Masu Aikin Kwamfuta A Hannun Dillalan Aiki

 Maganar da nake son mu tattauna a wannan mako ta shafi guminmu ne kai tsaye, musamman waɗanda Allah Ya hore wa ilimin sarrafa kwamfuta daga cikinmu. A yau daga Danko zuwa Ribah, daga Ribah zuwa Zuru, ba a rasa samarin da suka iya buga takardu, ko yi wa jama'a rajista, ko haɗa intanet, ko gyaran waya da kwamfuta. Iyaye sun sayar da dawa da awaki sun biya kuɗin koyo, da fatan yaro zai tsaya da ƙafarsa har ya tallafi na baya. Amma idan ka zauna da waɗannan samari za ka ji kukansu ɗaya ne. Aikin da suke samu ba ya zuwa kai tsaye daga mai shi, sai ta hannun ejan, wato dillalin aiki, kuma shi wannan dillali shi kaɗai ya san nawa aka biya, shi ke yanke nawa zai bayar, shi ke zaɓen ranar da ya ga dama ya bayar.

Bari mu duba yadda abin yake tafiya. Duk mun tuna watan Disamba na 2020, lokacin da gwamnati ta ba da umarnin kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Hukumar NIMC ta ba kamfanoni masu zaman kansu sama da ɗari lasisin yi wa jama'a rajista. Irin wannan aiki, da rajistar layin waya, da tattara bayanan manoma ko magidanta ga ƙungiyoyi, duk hanyarsu kusan ɗaya ce. Kamfani yana zaune a Abuja ko Legas, sai ya nemi wakili a Birnin Kebbi, shi kuma ya nemi na Zuru, na Zuru ya nemo yaro a Danko. Ban ce kowane kamfani ko kowane wakili maci amana ne ba. Abin da nake cewa shi ne, kowane hannu da kuɗin ya bi sai ya ɗebi nasa, har ya zamana wanda ya zauna a rana yana ɗaukar hoton yatsun jama'a shi ke samun mafi ƙanƙanta. Kuma a cikin wannan ɗan abin ne zai sayi data, ya biya mai mashin, ya zuba wa janareta mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin waɗannan abubuwa ya ninka, amma kuɗin aiki a bakin dillali bai cika motsi ba.

Kada ɗan uwa ya ɗauka wannan ciwo na ƙauye ne kawai. A watan Janairu na 2023 mujallar Time ta Amurka ta fallasa labarin wasu matasa a Nairobi ta ƙasar Kenya, waɗanda wani kamfani mai suna Sama ya ɗauka su yi wa kamfanin OpenAI aikin tantance munanan rubuce-rubuce, don a tsabtace manhajar nan ta ChatGPT. Mujallar ta ce OpenAI na biyan Sama dala 12.50 a kan kowace sa'a ta aiki, amma abin da ke shiga aljihun matasan tsakanin dala 1.32 ne zuwa dala 2. Ku yi lissafi da kanku, mafi samu a cikinsu bai kai kashi ɗaya cikin shida ba. Kamfanin ya kare kansa da cewa akwai sauran ɗawainiyoyi da yake biya daga cikin kuɗin. To, ko da mun yarda da haka, wace irin ɗawainiya ce za ta cinye kashi biyar ta bar wa mai aiki ɗaya? Bayan wannan, a watan Maris na 2024 dandalin Remotasks na kamfanin Scale AI ya rufe ƙofarsa ga masu yi masa aiki a Kenya da Nijeriya da Pakistan, aka wayi gari mutanen da suka dogara da shi ba su da abin yi. Wanda yake aiki ta bayan labule, ba shi da ƙofar da zai buga ranar da aka kore shi.

Yanzu sai wani ya ce, shin dillanci laifi ne? Ko kusa. Mu Hausawa mun san dillali tun kaka da kakanni, kuma kasuwa ba ta ci sai da shi. Ka kai saniya ko buhun hatsi kasuwa, dillali ne zai nemo maka mai saye, ya tsaya a tsakani, ya zama shaida idan rigima ta taso. Amma ku lura da abu ɗaya. A kara, idan an yi ciniki na gaskiya, mai dabba yana jin nawa aka taya, shi ke cewa albarka ko ya sallama, sannan la'adar dillali sananniya ce. Dillalin da aka kama ya ɓoye farashi ya cinye bambancin, to ya zubar da mutuncinsa, kuma akwai sarkin kasuwa da za a kai ƙararsa. Shi kuwa dillalin aikin kwamfuta ya karɓi sunan dillali amma ya ajiye ƙa'idar dillanci. Idan ka tambaye shi nawa kamfani ya biya, sai ya ce wannan sirrin ofis ne. Idan ka matsa, sai ya ce akwai mutum goma da ke jiran gurbinka.

Duk wanda ya zauna ajin Islamiyya ya kai babin ijara a fiƙihu ya san cewa malamai sun shardanta a san aikin da za a yi, a san ladan, a san wa'adi, tun kafin a fara. Hikimar a fili take, don kada mai ƙarfi ya ci raunanne ta hanyar duhun magana. Saboda haka maganganun nan da muka saba ji, irin su “ka fara tukuna, za mu daidaita”, ko “idan an sako kuɗi daga sama zan gan ka”, ba ciniki ba ne. Wanda ya sa ka aiki shi haƙƙinka ke wuyansa, ko an biya shi daga sama ko ba a biya shi ba, sai fa in tun farko kun yi sharaɗi a kan haka a fili kuma ka amince.

To, me dokar ƙasa ta ce? Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta hana mutum sana'ar ɗaukar ma'aikata ga wasu sai da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin cikar wata uku da farawa. Haka nan a 2023 Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara tun 1997, kuma asalin ƙa'idarta shi ne kamfanin samar da aiki ba zai karɓi kuɗi daga hannun mai neman aiki ba. Ke nan kuɗin fom da kuɗin “shigar da suna” da ake tatsa daga matasa ya saɓa wa abin da ƙasar da kanta ta sa wa hannu.

Sai dai akwai ramuka biyu da ya kamata ɗan uwa ya sani. Na farko, ma'anar ma'aikaci a waccan doka ta fitar da masu aikin ƙwarewa da na fasaha, don haka lauyan kamfani zai iya cewa mai aikin kwamfuta ba ya cikin inuwarta. Na biyu, a watan Yuli na 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, Jihar Kebbi ma ta sa nata 75,000 a watan Oktoba na 2024, amma dokar albashin ba ta hau kan wanda ake biya kamasho ko gwargwadon yawan abin da ya yi ba, haka kuma wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Shi ya sa dillali ba zai taɓa kiranka ma'aikaci ba, sai ya ce kai “ɗan kwangila” ne, ana biyanka a kan kowane kai. Sunan da ya ba ka shi ne wuƙar da ya yanke haƙƙinka da ita. Abin da ya rage maka shi ne yarjejeniyar da kuka ƙulla, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa, tana sauraron rigimar aiki. Amma da wace hujja za ka je gabanta idan duk cinikin a baki aka yi?

Na san akwai masu cewa da babu gara ba daɗi, yaron da ke Danko ina zai ga kamfanin Abuja in ba ta hannun ejan ba? Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, musamman a yankinmu da matsalar tsaro ta takura noma da fatauci. Kuma hakika dillalin kirki yana da wahalar da yake sha, shi ke nemo aikin, wani lokaci shi ke sayen na'ura, ya cancanci la'adarsa. Ba mu ce a kawar da shi ba. Mun ce ya faɗi la'adarsa a fili kamar yadda ɗan uwansa na kasuwa yake yi. Rashin aikin yi a gari ba ya halatta wa kowa cin gumin wani, kamar yadda yunwa a gari ba ta halatta wa mai hatsi tauye mudu.

Don haka ga shawarata gare mu. Na ɗaya, kada ka fara aiki sai an rubuta, ko da a takarda ɗaya ce da shaidu biyu: wane aiki, nawa ne, yaushe za a biya, wa zai ɗauki kuɗin mai da data, me zai faru idan an tsayar da aikin. Na biyu, ka yi lissafin abin da za ka kashe kafin ka ce na yarda. A misali, idan an ce za a ba ka naira 5,000 a rana, kuma mai da data da mashin za su ci 3,500, to ka sani a kan 1,500 ka yini. Na uku, ka tambayi sunan kamfanin da ke da aikin, da rajistar dillalin, da lasisinsa. Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya. Na huɗu, kada ka ba da ko kwabo don a ɗauke ka aiki. Na biyar, ka riƙa ajiye lissafin abin da ka yi kullum da saƙonnin da kuka yi musaya. Na shida, idan aikin na waje ne da ake biya da dala, a rubuta da wane farashi za a canza maka, domin tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, kuma wannan tazarar babbar kafa ce ta cuta.

Amma mafi girma duka shi ne haɗin kai. Ƙarfin dillali yana cikin jahiltar da muka yi wa juna ne, kowa yana ɓoye abin da ake biyansa kamar abin kunya. Masu dako da 'yan acaba da mahauta duk suna da ƙungiya da farashin da ba a sauka ƙasa da shi. Me ya hana masu aikin kwamfuta na ƙasar Zuru su zauna su tsayar da nasu, su riƙa sanar da juna dillalin da ke biya da wanda ke cinyewa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna kuma kira ga hukumomi. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don koya wa mutum miliyan uku fasahar zamani. Madalla, amma horar da matasa a sake su cikin kasuwar da ba ta da sarki, kiwo ne ake yi wa kuraye. Gwamna Nasir Idris, wanda ya hau mulkin Kebbi a 2023, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, wato NUT, don haka ba sai an fassara masa ciwon ma'aikaci ba. Ya kamata duk kwangilar da gwamnati za ta bayar ta irin wannan aiki a bayyana nawa ne rabon wanda zai yi ta da hannunsa, a kafe a sakatariyar ƙaramar hukuma kowa ya gani.

Daga ƙarshe, kai ɗan uwa da Allah Ya ɗaga ka zama ejan, ka tuna jiya kai ne kake kuka. Ka faɗi la'adarka, ka biya yaranka a kan lokaci, domin haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa ƙasa, in bai kama ka a nan ba yana jiranka a gaba. Allah Ya ba mu halaliyarmu, Ya tsare mu daga cin gumin wani. Wassalam.