Hausar Kurfai Ba Kuskure Ba Ce

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce yaran Filinge ta ƙasar Kurfai ba za su ƙware a nahawu ba sai an kankare musu Hausar gida daga baki. Ban yarda ba, kuma raina ya ɓaci.

Yaron da ya taso a Dallol Bosso yana cewa "sun zo", amma da ya sa tambaya sai ya ce "yaushe sunka zo?" Wa ya koya masa wannan sauyin? Ƙa'ida ce mai zurfi ta lamirin lokaci, wadda ɗaliban jami'a ke gumi a kanta, ita ce ta ba Bakano "suka". Haka "shina" da "yana", aikinsu ɗaya. Yaron nan yana da nahawu cikakke, sunayen dokokinsa kawai ya rasa.

Na ga malami ya ja jan biro a kan "munka" a littafin wata yarinya, ya rubuta "kuskure". Daga ranar yarinyar ta daina ɗaga hannu. Wannan kake so a yawaita?

Ba na faɗa da daidaitacciyar Hausa. Tun taron Bamako na 1966 ake wahalar daidaita rubutu, kuma yanzu da Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, dole ɗan Kurfai ya iya rubuta takardar da za a karanta a Damagaram da Kano. To a rubuta masa jimlarsa a allo, a rubuta ta littafi gefenta, ya gano bambancin da kansa. Malaman da za su iya wannan aikin su ne muka rasa, a kansu ya kamata ka yi rubutu.