Waiwaye: Ƙararar da ta riga mu shiga kango

A Dutsi da ƙauyukan da ke kewaye da shi, har zuwa Shargalle, ba a rasa gidan da ba mai kwana a ciki sai ƙadangaru. Mai gida ya rasu, 'ya'ya sun watsu Katsina da Kano da Legas, gado kuma ba a raba ba, domin kowa na jin nauyin a ce shi ya fara tayar da maganar. Gidan kakanmu ya daɗe a wannan sahu. Daminar 2020 ta yi ruwa sosai, garun baya ya zube, maƙwabta suka fara aiko da saƙo cewa macizai na fitowa daga wajenmu. Sai dangi suka tsayar da ranar gayya, aka ce a bari sai an kai gero rumbu, kowa ya samu sarari. Ranar ta faɗo cikin Disamba, hunturu ya kankama.

Muka shiga da adda da lauje da manjagara. Ƙarangiya ta cika tsakar gida, tumfafiya ta yi tsayin mutum a inda madafi yake a da, aguwar da aka yi shinge da ita ta bazu son ranta. A bayan tsohuwar rijiya, inda ƙasa ke riƙe laima, wata shuka mai yaɗo ta hau dalbejiya ta naɗe rassanta. Ganyenta ya bushe, amma 'ya'yanta na reto gungu-gungu, kowane kwanso tsawon yatsa, a ɗan lanƙwashe, lulluɓe da gashi ja-ja mai sheƙi kamar karan-miski. Na kama jijiyar na fizgo da ƙarfi. Wata 'yar ƙura ta sauko mana a wuya da hannuwa, iska ta kwashi saura ta kai wa waɗanda ke gefe.

Ba a yi minti biyar ba wuyana ya ɗauki wuta. Ƙaiƙayi ne da raɗaɗi a haɗe, kana susa yana ƙaruwa, ka daina kuma ba ka iyawa. Fata ta yi ja, ta tashi rudu-rudu. Ƙanena ya tuɓe riga yana goga baya a jikin garu, dattijon da ya zo yi mana sannu da aiki ya koma zaure da sauri yana salati. Gwaggo, wadda ta kawo mana kunu, ta tsaya daga nesa ta dubi bishiyar.

"Ɗan nan, ƙarara ce fa! Da hunturu ake taɓa ƙarara?"

"Gwaggo, ai ban san tana fitowa a nan ba."

"Ita ta san ba kowa a gidan."

Ta hana mu susa, ta aika aka ɗebo toka mai sanyi aka shafa mana, ta ce kada wanda ya shiga ɗaki da kayan jikinsa. Mai kemis ɗin da na je wajensa da yamma ya ƙara da dabarar da ta fi toka: a manna salatef a wurin a ɓanɓare, sau da yawa, ya kwashe gashin, sannan a wanke da ruwa da sabulu. Dalilin a fili yake. Kowane silin gashin nan tsinke ne da ke soke fata, ɗauke da sinadarin da ke tayar da jijiyoyin ƙaiƙayi kai tsaye, shi ya sa ƙwayar borin jini ba ta cika yi masa wani abin kirki ba. Susa kuwa ƙara cusa shi ciki take yi. Zafin ya lafa kafin dare, amma sawun farcen da na yi wa kaina ya jima bai warke ba.

Abin da Gwaggo ta faɗa a jimla ɗaya shi ne ya tsaya mini. Ƙarara da damina ganye ce kawai da fure, a sare ta a jefar ba tare da wata wahala ba. Sai kwansonta ya nuna ya bushe take zama abin gudu. Wato lokacin da muka zaɓa don sauƙinmu shi ne lokacin da ta fi ƙarfi. Mu da muka yi boko muka bar gari mun iya lissafin hutun aiki, amma kalandar ciyawa ta kuɓuce mana, kuma ba wanda ya ga dacewar a tambayi tsohuwa kafin a sa rana. A ganina ko mai hannu da shuni ne zai sa 'yan ƙwadago sharar kango, haƙƙinsu ne ya fara zagayawa da wanda ya san tsirrai, ya nuna musu abin da ke ciki.

Kowace shuka da irin sharrinta, maganin wannan ba shi ne na waccan ba. Farin ruwan tumfafiya, wanda ake daskarar da madara da shi a yi cuku, idan ya fantsama a ido yana dusashe gani na kwanaki. Nan ba toka ba salatef, sai ruwa mai yawa nan take, sai asibiti. Man ɓawon yazawa yana sale fata, kuma akwai masu yin ƙuraje a baki saboda ƙaron mangwaro. Yazawa da mangwaro dangi ne na wata shuka da ke addabar masu sharar gida a yammacin Amurka, musamman Kalifoniya. Ita tata muguntar ta fi ta ƙarara wayo: man da ke jikinta ba ya nuna kansa sai bayan kwana ɗaya ko biyu, mutum ya riga ya shafa shi ko'ina, yana kuma daɗewa a jikin tufafi da kayan aiki. Idan aka ƙone ta hayaƙin na kai cutar har huhu, abin da masu kashe gobarar daji a can suka sani sarai.

Ita kanta ƙarara ba a rasa ta da amfani ba. Akwai irinta marar ƙaiƙayi, wadda masu binciken noma suka yaɗa wa manoman kudancin Jamhuriyar Benin tun wajen 1987, domin tana lulluɓe gona ta kashe tofa, ta kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Tamu ta bayan rijiya dai ba wannan ba ce.

Washegari aka dawo da dogayen riguna da safar hannu, aka yayyafa ruwa a kan yaɗon don gashin ya kwanta, aka tsaya ta bayan iska aka sauke ta da gora. Gwaggo ta ce a binne kwansunan a rami mai zurfi, kada a bar su akuya ta watsa. Maganar rabon gida kuwa, Baffa ya ce a bari sai bayan Sallah.