Binciken magani a Madarunfa: jariran nan ne aka gwada, ina rabon jami'o'in ƙasa?

Sau biyu cikin shekaru ashirin gundumar Madarunfa da sauran yankin Maraɗi suka zama wurin da aka tabbatar da ingancin wani abin ceton rai kafin ya bazu a duniya. Amma tunanin da ya haifi waɗannan abubuwa da takardun mallakarsu duk a waje suke. Yanzu da kuɗin tallafi ke ja da baya, tambayar wa zai ɗauki nauyin binciken lafiya a jami'o'in Nijar ta zama ta gaggawa.

Abin da aka gwada a ƙauyukan Madarunfa

Daga watan Agusta na 2014 zuwa ƙarshen 2015, an shigar da dubban jarirai na ƙauyukan gundumar Madarunfa, wadda ƙaramar hukumar Gabi ke cikinta, a wani gwajin rigakafin ƙwayar rota, ƙwayar da ke haddasa zawo mai tsanani ga yara ƙanana. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2013 kaɗai wannan ƙwaya ta kashe yara kusan 215.000 ƴan ƙasa da shekara biyar. Cibiyar bincike ta Epicentre, reshen ƙungiyar likitoci ta MSF wadda ke da mazauni a Maraɗi tun 2009, ita ta gudanar da aikin tare da ma'aikatar lafiya ta ƙasa.

Rigakafin ɗigo ne a baki, sau uku: a sati 6, sati 10 da sati 14 da haihuwa. Sakamakon ya fito a watan Maris na 2017 a wata babbar mujallar likitanci ta Amurka. Cikin jarirai 3.508 da aka yi lissafi da su, 31 ne suka yi zawon rota mai tsanani a rukunin da ya samu rigakafin, 87 kuma a rukunin da bai samu ba. Kariyar ta kai kusan kashi 67 cikin 100.

Abin da ya fi jan hankali shi ne juriyarsa ga zafi. Yawancin rigakafi sai an ajiye su cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wannan kuwa an nuna yana iya shekara biyu a digiri 37, wata shida a digiri 40. Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa ɗaura akwatin sanyi a bayan babur cikin watan Afrilu, ya nufi ƙauyukan bakin dajin Baban Rafi, ya san darajar wannan. A watan Satumba na 2018 OMS ta ba rigakafin, mai suna Rotasiil, shaidar ingancin da ke buɗe masa ƙofar sayayyar UNICEF da Gavi.

To amma a bi sawun kuɗin. Ƙwayar da aka gina rigakafin a kanta masu binciken gwamnatin Amurka ne na cibiyar NIH suka haɗa ta, da kuɗin harajin Amurkawa. Kamfanin Serum Institute na garin Pune a Indiya ya karɓi lasisi, ya sarrafa, shi ke sayarwa. MSF da wata gidauniya mai zaman kanta suka biya kuɗin gwajin. Nijar ta ba da jarirai, da yardar iyaye, da likitoci, da ma'aikatan da suka riƙa bin gida gida. Wannan gudummawa ce babba, domin in babu ita babu shaida. Sai dai ba ita ce matakin da ake rubuta sunan mai mallaka ba.

Labarin gujiya da tamowa

Haka abin ya kasance shekaru goma kafin nan. A 1996 likitan yara André Briend, na cibiyar binciken gwamnatin Faransa da ake kira IRD a yau, tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset, suka haɗa markaɗaɗɗiyar gujiya da madarar gari, sukari, mai da sinadaran gina jiki, suka samar da Plumpy'Nut. Takardar mallakar ta kasance tsakanin cibiyar da kamfanin. A yunwar 2005 ne abin ya nuna kansa: MSF ta yi jinyar yara sama da 60.000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, galibinsu a jahar Maraɗi, mafi yawa kuma a gida wurin uwayensu ba tare da an kwantar da su ba. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya a matsayin tsarin da za a bi.

A nan an samu ɗan bambanci. Kamfanin STA na Yamai ya shiga sahun masu sarrafa wannan abinci bisa yarjejeniya da Nutriset, ke nan wani kaso na aikin da na ciniki ya zauna a ƙasa. Wannan ya nuna cewa ana iya jawo wani ɓangare na ribar gida idan akwai ɗan kasuwa da ke shirye da kuma yarjejeniyar da ta ba da dama.

Yadda bincike ke zama kayan sayarwa

Tsakanin ranar da malamin jami'a ya gano wani abu a ɗakin gwaji da ranar da abin ya isa gidan likita, akwai tafiya mai nisa. Sai an gwada a kan dabbobi. Sai an gwada a kan mutane kaɗan don a ga ko yana cutarwa, sannan a kan ɗaruruwa don a daidaita awo, sannan a kan dubbai don a ga ko yana aiki. Bayan nan hukumar kula da magunguna ta duba, masana'anta ta nuna za ta iya yin sa iri ɗaya kullum. Ga magani ko rigakafi, wannan kan ɗauki shekara goma ko fiye, kuma mafi yawan abubuwan da aka fara ba su kai ƙarshe.

Wurin da aka fi mutuwa shi ne tsakiya. Kuɗin jami'a kan ƙare da zarar an buga sakamako a mujalla, ɗan kasuwa kuma ba ya zuba jari sai ya ga shaidar da ta fi ta mujalla. Ƙasashen da suka ci gaba doka da asusu suka sa a wannan gurbi. A Amurka, kafin 1980, gwamnati na riƙe da takardun mallaka kusan 28.000, amma ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne aka ba wani lasisin amfani da su. Dokar Bayh-Dole ta waccan shekara ta bar wa jami'o'i mallakar abin da suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnati, bisa sharaɗin su nemi mai sarrafawa. Faransa ta bi a 1999 da dokar da ta ba masu binciken gwamnati izinin kafa kamfani a kan bincikensu.

Kwafe waɗannan dokoki kai tsaye ba zai wadatar ba. Kasuwar maganin zawo, tamowa, sanƙarau da masassarar cizon sauro ba kasuwar aljihun majinyaci ba ce. Mai saye a nan gwamnati ce, ko UNICEF, ko Gavi. Misalin rigakafin sanƙarau na MenAfriVac ya isa darasi. Bayan annobar 1996 zuwa 1997 da ta kashe mutane kusan 25.000 a wannan yanki na Afirka, an kafa shirin samar da sabon rigakafi a 2001. Jami'an lafiya na Afirka, har da na Nijar, suka tsaya a kan cewa farashi ne sharaɗi na farko. Da aka ƙaddamar da shi a watan Disamba na 2010 a Burkina Faso, Mali da Nijar, kuɗin allura ɗaya bai kai rabin dala ba. Mai saye ne ya faɗi farashi tun kafin a fara aikin.

Akwai kuma darasi mai ɗaci daga maƙwabta. Cibiyar NIPRD ta Abuja ta samar da maganin amosanin jini mai suna Niprisan daga haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro, kanumfari da karan dafi. A 2002 aka ba kamfanin Xechem lasisi shi kaɗai, a 2006 maganin ya shiga kasuwa da sunan Nicosan, amma kamfanin ya durƙushe, aka soke lasisin a 2009, majinyata suka yi shekaru suna nema. Binciken ya yi kyau, yarjejeniyar ce ta ɗora komai a kan kafaɗa ɗaya.

Rijiyar waje na ja

Dalilin da ya sa batun ya taso yanzu shi ne sauyin da aka gani a 2025. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare, ta kuma sanar da ficewa daga OMS. Daga baya aka rushe hukumar USAID. A watan Yuni ta ce za ta daina ba Gavi kuɗi. Ita kanta NIH, mai kasafin kusan dala miliyar 47 a shekara, ta shiga taƙaddama da jami'o'i kan rage kuɗin gudanarwa. A gefen Nijar, takunkumin da ya biyo bayan 26 ga Yulin 2023 ya nuna yadda rufe iyaka ke taɓa shagon magani cikin ƴan makonni. Kayan aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Alƙawura kuwa an daɗe da yin su. Ƙasashen Tarayyar Afirka sun amince su ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa ga bincike. A taron Bamako na 2008 an nemi ma'aikatun lafiya su ware kashi 2 cikin 100 na kasafinsu ga binciken lafiya. Hukumar Africa CDC na son nahiyar ta riƙa yin kashi 60 cikin 100 na rigakafin da take amfani da su nan da 2040, alhali a yanzu kusan kashi 1 take yi.

Abin da ke hannu

Nijar ba daga sifili za ta fara ba. Akwai Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, mai ɗauke da sunan masanin da ya jagoranci ofishin ONERSOL wajen ƙera na'urorin aiki da hasken rana. Akwai cibiyar CERMES da ɗakin gwajin LANSPEX. A Maraɗi akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da sashenta na kiwon lafiya, da babban asibitin jaha, da cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna. Nijar mamba ce a ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, inda takardar mallaka guda ke aiki a ƙasashe 17.

Babu mai tsammanin jami'ar Maraɗi ta ƙirƙiro sabon rigakafi gobe. Amma akwai ayyuka masu araha da ke kusa da kasuwa. Madarar gari, wadda ake shigowa da ita, na cikin abubuwan da suka fi tsada a abincin jinyar tamowa. Gwada haɗin da zai rage ta da wake ko waken soya aiki ne da likitoci da masana noma na Maraɗi za su iya yi tare. Gubar fumfuna da ke hana a sayi gujiyar manoman yankin don wannan abinci matsala ce ta ajiya da awo, ana iya magance ta. Firijin hasken rana da injin iskar numfashi da za su jure ƙura da zafi suna bukatar masu ƙerawa da masu gyara a kusa. Ganyayyakin da ake sayarwa a kasuwa a matsayin magani suna bukatar a auna ƙarfinsu da illarsu.

Burkina Faso ta nuna hanyar hawa mataki na gaba. A Nanoro, ƙaramin gari, Farfesa Halidou Tinto ya jagoranci gwajin rigakafin masassara R21 na Jami'ar Oxford, wanda ya nuna kariyar kashi 77 cikin 100 a 2021. Cibiyar ta ƙasa ce, shugabanta ɗan ƙasa ne, kuma bayan gwajin ma'aikata da kayan aikin suna nan suna jiran na gaba.

Inda shawarar take

Masu cewa ba yanzu ba suna da hujja. Tsaro na cinye kasafi, gidajen likita na ƙauye na ƙarancin ma'aikata, jami'o'i sun sha yajin aiki kan haƙƙoƙin da ba a biya ba. A Gabi kanta, satar shanu da garkuwa da mutane a kan iyaka na hana ma'aikaci shiga wasu ƙauyuka, kuma gwajin da ba a iya bin yaro gida ba gwaji ba ne.

Sai dai mafi yawan abin da ake bukata a matakin farko ba tsabar kuɗi ba ne. Ana iya sa doka cewa duk gwajin da za a yi a ƙasa sai da jami'ar ƙasa a ciki, sai an horar da ɗalibai, sai an ajiye kwafin bayanai a gida, sai an rubuta farashin da Nijar za ta sayi abin idan ya yi nasara. Ana iya fayyace rabon da ke tsakanin malami, jami'a da mai maganin gargajiya idan bincike ya kawo kuɗi, don kada kowa ya ɓoye abin da ya sani. Ana iya buɗe ƙaramin ofishi a kowace jami'a da ya san yadda ake rubuta takardar mallaka da yarjejeniyar lasisi. Kuɗin da za a ware, ko kaɗan ne, ya fi amfani idan na shekara uku zuwa biyar ne a jere, bisa gasa, maimakon kyautar shekara guda. Tunda Nijar, Mali da Burkina Faso na cikin ƙawance ɗaya kuma cututtukansu iri ɗaya ne, haɗa sayayya da tantance magani zai ba mai sarrafawa kasuwar mutane sama da miliyan 70.

Yaran da aka ɗiga wa rigakafin rota a 2014 sun haura shekara goma yanzu, wasunsu na shirin shiga kwaleji. Za a sake zuwa Madarunfa da wani gwaji, domin cututtukan suna nan, ƙwararrun da suka iya aikin ma suna nan. Abin da ya rage ga ma'aikatar lafiya da ta ilimi mai zurfi shi ne su shirya sharuɗɗansu tun kafin baƙon ya iso. Mai nama shi ke neman wuta.