Rumbu Ba Kasuwa Ba Ne: Wa Ya Kamata Ya Ga Sunan Manomi?

Maudu'inmu na wannan mako zai yi kama da na masu kwamfuta, amma ku yi haƙuri ku bi ni, domin magana ce ta amana.

A gidan manomi a Matazu, ba kowa ke shiga rumbu ba. Maigida ne ke fitar da awo, ya ba mai girki abin da zai ishi tukunyar ranar. Ba don yana zargin kowa ba, sai don haka tsarin yake. To, wurin da ake tara sunayen jama'a a kwamfuta ma rumbu muke ce masa, rumbun bayanai. Ra'ayina shi ne a riƙa fitar da awo a nan ma: kowane ma'aikaci ya ga iya abin da aikinsa ke buƙata.

Ku duba yawan rajistar da manomin yankinmu ya shiga. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, an yi wa manoma rajista don karɓar takin tallafi ta saƙon waya. A 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Anchor Borrowers. Ga NIN, ga BVN, ga takardun ƙungiyoyin manoman auduga da masara daga Funtua zuwa Malumfashi. Irin waɗannan jerin kan ɗauki suna da lambar waya da ƙauye da girman gona, wani lokaci har da kuɗin da mutum ya karɓa. A yankin da ke fama da 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, wannan jeri makami ne idan ya faɗa hannun da bai dace ba.

A nan akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko fihirisa. Marubuci ya san ta: tana gaya maka shafin da babi yake don kada ka sha wahalar nema. Haka take a rumbun bayanai. Idan an yi fihirisa a kan sunan mazaɓa, na'ura za ta zaƙulo manoman Sayaya cikin ƙiftawar ido, ba sai ta bi sunayen jiha kaf ba. Amma fihirisa sauri take bayarwa, ba kwaɗo ba ce. Ba ta hana mai littafi buɗe shafin da ya ga dama.

Na biyu shi ne umarnin da manhaja ke aika wa rumbu. Nan ne ake gina katanga. Maimakon a ce "kawo duk manoma", sai a ce "kawo manoman da mazaɓarsu ta yi daidai da ta wanda ya shigo". Sharaɗin kuwa a can cikin rumbun za a ɗaure shi, ba a fuskar waya ba. Manhajar rumbu irin PostgreSQL ta zo da wannan tsari na tsare kowane layi tun 2016. Wanda ya tura wa wakilai goma fayil ɗin Excel guda ta WhatsApp, ya ɓoye wasu layuka yana ganin ya rufe, bai yi komai ba. Da dannawa biyu za a fito da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada a ce abin ya fi ƙarfinmu, domin mun gani da idonmu. A zaɓen 2023 masu rajista sun haura miliyan 93, rumfunan zaɓe kuma 176,846 ne. Amma na'urar BVAS da aka kai kowace rumfa, masu zaɓen rumfar kawai aka ɗora mata. Jami'in da ke Karaduwa ba shi da sunayen mutanen Legas a hannunsa, kuma aikinsa bai tsaya ba. Duk abin da mutum zai faɗa game da zaɓen, wannan dabarar abin koyi ce.

Wani zai ce: idan aka ɓoye jerin, ai an buɗe ƙofar manoman bogi. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Amma taƙaitawa ba a kan layuka kaɗai take ba, har da ginshiƙai. A liƙa sunaye a mazaɓa don jama'a su tantance nasu, kamar yadda ake baje rajistar masu zaɓe. Lambar waya da asusun banki da adadin kuɗi kuwa su tsaya wurin wanda zai biya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma abin da ta nema ke nan: kada a tara ko a yi amfani da bayanin mutum fiye da buƙata.

Ina ruwan marubuci? Da fari, mu ma muna tara bayanai. Duk ƙungiyar da ta shirya gasa, bai kamata alƙali ya ga sunan mai labari ba, lamba ta ishe shi. Ma'aji kuma lambar asusun waɗanda suka yi nasara kawai yake buƙata. Na biyu, manomin da ake ce wa "kawo NIN ɗinka" ba shi da wanda zai fassara masa haƙƙinsa da Hausa sai mu. Mu sa tambayar a bakin taurarin labaranmu da cikin maƙalunmu: wa zai ga wannan bayani, kuma don me?

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta sakin layi ɗaya yana bayyana wa dattijon ƙauyensu bambancin fihirisa da kwaɗo, ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba. Allah Ya ƙara wa alƙalami albarka.