Ƙanwar Menuhin ba ƴar rakiya ba ce

A taron iyayen yara na ƙarshen shekarar karatu, wani mushe ya tashi zai zaburar da mu, sai ya kawo labarin Yehudi Menuhin, yaron nan da aka haifa a birnin New York a 1916, wanda ya riƙa gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, biyolon kamar yadda Faransawa ke kiransa, tun bai iya ɗaure takalminsa ba. Yana da shekara 11 ya yi kiɗa a babban zauren Carnegie, yana da 16 ya ɗauki faifai tare da dattijo Elgar a Ingila. Mushe ya ce to ku gani, haka ake gano yaro mai baiwa a tsaya masa. Aka tafa. Ni ban tafa ba, domin rabin labarin ya ba mu, kuma rabin da ya ajiye shi ne ya shafe mu.

Menuhin yana da ƙanne mata biyu, Hephzibah da Yaltah, kuma dukansu gwanayen piyano ne. An haifi Hephzibah a 1920, ta yi karatun kiɗa a Paris wurin Marcel Ciampi. Tana da shekara 13 suka ɗauki faifan wata sonata ta Mozart ita da wanta, faifan ya ci kyauta a Faransa. A 1934 suka fito tare gaban jama'a a zauren Pleyel. Masana kiɗa na lokacin ba su ɗauke ta ƙasa da shi ba. Amma a gidansu an riga an yanke hukunci: sana'a ta ɗa namiji ce. Tafiye-tafiyen iyali, kuɗi, zaɓen garin da za a zauna, duk a kan Yehudi aka tsara su. Ita an yarda ta hau dandali ne a gefensa. Ƙaramar kuwa, Yaltah, ko wannan ba ta samu yadda ya kamata ba.

Wanda bai san irin wannan kiɗa ba zai ce ai mai piyano rakiya yake yi, kamar ɗan amshi a bayan mawaƙi. Kuskure ne babba. A sonata ta goge da piyano mutum biyu ne kawai a ɗaki, babu mai ba da sanda, babu wanda za a ɓuya a bayansa. Goge ya ɗauki zance, piyano ya karɓe, wani lokaci piyano ne ke jan ragama goge na bi. Beethoven ya rubuta irin waɗannan sonata guda 10, kuma a kan takardun da aka fara bugawa sunan piyano ne ke gaba, goge na biye. Masu sayar da tikiti ne suka juya abin, suka rubuta sunan mai goge da manyan baƙaƙe, na mai piyano da ƙananan da sai an sa tabarau. Wato aikin na mutum biyu, yabon na mutum ɗaya.

A 1938 ƴan'uwan uku duk suka yi aure. Hephzibah tana da shekara 18 ta auri wani mai kiwon tumaki a Ostareliya, ta bi shi can cikin karkara. Yaltah tana da 16, kuma auren bai yi ƙarko ba. Ba na cewa auren dole aka yi wa Hephzibah, ita ta so. Amma a ganina yarinyar da aka nuna wa tun tana ƙarama cewa gwanintarta ado ce ga gwanintar wanta, ba za ta ga asarar komai ba in ta ajiye ta. Yehudi ma ya yi aure a wannan shekara, sai dai babu wanda ya zaci aure zai raba shi da gogensa. Daga baya Hephzibah ta koma Landan, suka ci gaba da kiɗa tare har kusan rasuwarta a 1981, amma shekarun da ake gina suna a cikinsu sun riga sun wuce. Wannan ba sabon abu ba ne a can: yayar Mozart, Nannerl, ta zaga Turai da ƙanenta suna kiɗa suna yara, da ta isa aure aka bar ta gida.

Na san abin da za a ce mini: me ya haɗa mu da gogen Bature, mu da ko namu gogen ba ma son ɗanmu ya taɓa? To ba ni na kawo misalin ba, mushe ne ya kawo, kuma wanda ya kawo misali dole ya ɗauke shi har da wutsiyarsa. Ku duba gidajenmu a Maraɗi ko Damagaram. In kuɗin malamin gida na yaro ɗaya ne, wa ake biya wa? In fitila ɗaya ce da dare, wa ke karatu, wa ke wanke-wanke? Yarinya ta ci BEPC da maki mai kyau, sai a ce madalla, ta taimaka wa ƙanenta da lissafi. Shi ke nan an mai da ita mai piyanon gida, tana riƙe da rabin aikin, sunanta na cikin ƙananan baƙaƙe.

Mu malamai kuma laifinmu ya fi, don mu muke karanto sakamako. Mun ɗaure wa yara tunanin cewa aji yana da na ɗaya, sauran kuwa ƴan kallo ne. Na ɗayan ma ba mu yi masa gata ba. Menuhin da kansa, bayan ya girma, hannunsa na riƙon baka ya riƙa ba shi wahala, don ya iya abin tun yana yaro ba tare da ya san yadda yake yinsa ba, sai da ya koma ya bi tushen sana'ar daki-daki. Makarantar da ya kafa a Ingila a 1963 tana ɗaukar yara maza da mata, tana koya musu sauran darussa tare da kiɗa, tana kuma sa su kiɗa cikin ƙananan rukunai, inda dole kowa ya saurari ɗan'uwansa. Shi da ƙannensa a gida aka karantar da su, ba su san zaman aji ba.

Bayan taron na sami mushe a bakin ƙofa na tambaye shi ko ya san Menuhin yana da ƙanne. Ya ce bai taɓa ji ba. Yarinyar da ta zo ta biyu a ajinsa, da ratar rabin maki, tana tsaye kusa da mu tana riƙe wa ƙanenta jaka.