ZANCEN GIDA: Kada Ku Manta da Zaure

Kaka ta yi, an kai amfanin gona gida. Yanzu ne masu aiki a birnin Katsina suke aika kuɗi ƙauye domin a gyara gidan iyaye. Kafin magini ya sa igiya, ina da magana da ku.

Bara wani ɗan'uwanmu ya gyara gidan mahaifinsa a wani ƙauye kudu da birni. Ya rushe ginin ƙasa, ya yi na bulo da rufin kwano, ya sa ƙofar ƙarfe. Gida ya yi kyau ƙwarai. Amma da na je gaisuwa, sai na tarar da tsohon a gindin katanga shi kaɗai. Na ce, "Baba, ina abokan hira?" Ya ce, "Ɗana, ina za su zauna? An rushe zaure." Maƙwabtansa masu kunya ne, ba za su kutsa cikin gida inda mata suke ba. Tun ran nan ƙafa ta ɗauke.

Ku zaga tsofaffin unguwannin Katsina, wajen Ƙofar Soro ko kusa da hasumiyar Gobarau, ku duba. Da wuya ku ga tsohon gida marar zaure. Nan baƙo yake yin sallama, nan ake sulhu, nan ake zaman gaisuwar mutuwa, nan matafiyi yake kwana. Ɗaki ne na mai gida, amma na unguwa ne kuma.

Mu masu bi mun fi kowa bukatarsa. A ƙauyuka da yawa gidajen Kirista ba su fi uku ko huɗu ba. In mun kewaye kanmu da katanga, ina maƙwabci zai ga zamanmu? Ku tuna da matar nan ta Shunem cikin 2 Sarakuna sura 4. Ta yi shawara da mijinta, suka gina wa annabi Elisha ɗan ɗaki, suka sa gado da tebur da kujera da fitila. Akila da Biriskilla kuma, a gidansu ikkilisiya take taruwa, kamar yadda Romawa sura 16 ta nuna.

To, ga shawarata ga mai shirin gyara.

Na ɗaya, ƙofa. Zaure ƙofa biyu gare shi, ta waje da ta ciki. Kada su dubi juna. Magina na dā sukan kauce da ta ciki gefe, domin mai zama kada ya hangi tsakar gida. Da haka baƙo ya sake, uwargida ma ta sake.

Na biyu, girma. Ku auna wurin da zai ɗauki tabarma huɗu, da benci biyu a jikin bango. Wannan ya isa addu'ar safe, da karatun yaƙi da jahilci, da taron manoma in za a raba taki. In rufin soro za ku yi, ku sani azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce wajen ƙafa 6, sai an taimake ta da ginshiƙi ko bakan gizo. Ku nemi magini wanda ya san aikin.

Na uku, zafi. A watan Afrilu ɗakin kwano marar silin ba ya zaunuwa da rana. Kada ku raina tubali. Ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, na ƙasa ne, ga shi yana tsaye har yau. Abin da ginin ƙasa yake so shi ne yaɓe da makuba kafin damina, da indararo mai tsawo wanda zai zubar da ruwa nesa da gindin bango. In kuwa bulo kuka zaɓa, ku ɗaga bangon, ku sa taga biyu masu duban juna.

Na huɗu, waje. Ku yi dakali a bakin ƙofa, ku dasa bedi, wato darbejiya, ku girke randa da moɗa. Mai wucewa ya sha ruwa, gobe ya tsaya ku gaisa.

Na biyar, kada ku manta da mata. Bisa al'ada zaure na maza ne. Ku yi rumfa a bayansa, ko ku gyara shigifa, inda zumuntar mata za ta zauna, maƙwabta kuma su shigo surfe da hira.

Akwai wani abu da yakan kawo rigima. Gidan gado ba na mutum ɗaya ba ne. Kafin a sa tubali na fari, ku tara 'yan'uwa duka, har da mata da suke gidajen aure. Ku yanke wanda zai riƙe makulli, da masu shara, da yadda za a yi yaɓe kowace shekara. Ku rubuta cewa zauren na gida ne, aro aka ba jama'a, dattawa biyu su shaida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma gara a san mai jinkar.

Wani zai ce kuɗin ba zai kai ba. To, a rage wani ɗaki a ciki, ko a jinkirta fenti. Fenti ba ya amsa sallama.

Ɗan'uwan nan namu ya ji magana. Bana ya fasa katanga ta gabas, an fara buga tubali. Maƙwabtan Baba ne suke ɗebo ruwa, Musulmi da Kirista, ba wanda ya nemi lada.

Ubangiji ya albarkaci gidajenku. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.